Wa ke da hurumin kare haƙƙi idan iko ya rabu gida biyu? Muhawara kan Sikotland, Ayiland ta Arewa da jihohinmu

Barista Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata shari'a da ya kamata duk mai bibiyar rabon iko tsakanin gwamnatin tsakiya da ta yanki ya san ta ciki da bai. Ranar 16 ga Maris 2021 majalisar dokokin Sikotland, ɗaya daga cikin yankunan Birtaniya, mai kujeru 129, ta amince da ƙudurin da zai mayar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta zama dokar cikin gida, kuma ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Manufar ita ce yaro ko mai tsaya masa ya iya kai makarantar gwamnati ko ƙaramar hukuma ko hukumar lafiya kotu idan ta take masa haƙƙi. Kafin a kai ƙudurin ga Sarauniya ta sa hannu, manyan lauyoyin gwamnatin Birtaniya suka miƙa shi Kotun Ƙoli, domin sashe na 33 na dokar 1998 da ta kafa majalisar ya ba su mako huɗu su yi hakan. Ranar 6 ga Oktoba 2021 kotu ta ce wurare huɗu a ƙudurin sun wuce hurumin majalisar. Sai a Disambar 2023 aka amince da gyararren ƙuduri, aka sa hannu a Janairun 2024, ya fara aiki ranar 16 ga Yuli 2024. Shekara uku da wata huɗu ke nan yara suna jira, kuma abin da suka samu a ƙarshe bai kai wanda aka yi musu alkawari ba. Ni a ganina wannan asara ce da tsarin rabon ikon ya jawo. Me kuka gani?

Malam Sani:
Wa'alaikumus salam Barista. Bari a fara shimfiɗa tsarin don waɗanda ba su saba da shi ba. Dokar 1998 ba ta lissafa abin da majalisar Edinbara, wato majalisar Sikotland, za ta iya yi ba, abin da ba za ta taɓa ba ne aka lissafa, a jadawali na 5. Duk abin da babu shi a wannan jeri nata ne: ilimi, lafiya, gidaje, 'yan sanda, gidajen yari, kotuna, ƙananan hukumomi. Harkokin waje na Landan ne, wato gwamnatin tsakiya, amma jadawalin ya bar ƙofa a buɗe: aiwatar da yarjejeniyar da Birtaniya ta riga ta shiga bai cikin abin da aka hana. Birtaniya ta shiga yarjejeniyar yara tun 1991. Saboda haka kotu ba ta ce Sikotland ba ta da ikon mayar da ita doka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 28(7), wanda ya ce kafa majalisar yanki bai rage wa majalisar Landan ikon yi wa Sikotland doka ba. Ƙudurin farko ya ba alƙalan Sikotland damar su karkata fassarar dokar da Landan ta yi domin ta dace da yarjejeniyar, ko su soke ta idan tsohuwa ce, ko su bayyana cewa ta saɓa. Mai shari'a Lord Reed ya ce wannan taɓa sashe na 28(7) ne, kuma majalisar yanki ba ta da ikon taɓa shi. Sannan sashe na 6 na ƙudurin an rubuta shi da faɗi, ya haɗa har da ayyukan da ba na yankin ba, aka bar wa kotuna aikin tsuke shi daga baya. Kotu ta ƙi yarda da wannan salo na rubuta doka.

Dakta Rabi:
Malam ya kawo dalilin, ni kuma bari in nuna ramin da aka bari, don a nan ne abin ya shafi yaro kai tsaye. Dokar da ta fara aiki a 2024 tana kama jami'i ne kawai idan ikon da yake amfani da shi ya fito daga dokar da majalisar Edinbara ta yi da hannunta, wato daga 1999 zuwa yau. To amma ginshiƙan dokokin yara a Sikotland sun girmi majalisar. Babbar dokar ilimi ta 1980 ce. Dokar yara ta 1995 ce. Dokar jin daɗin jama'a ta 1968 ce. Dukansu a Landan aka yi su, duk da cewa Sikotland kaɗai suka shafa kuma yau batutuwan cikinsu nata ne. Ko gyaran da Edinbara ta cusa a cikin waɗannan tsofaffin dokoki bai shiga ba.

Ku duba yara biyu a makaranta guda. Na farko yana da larurar da ke buƙatar ƙarin tallafin koyo, ƙaramar hukuma ta ƙi tsara masa. Wannan haƙƙi yana cikin dokar 2004 ta Edinbara, lauyansa zai iya dogaro da sabuwar doka. Na biyu an kore shi daga makaranta ba tare da an saurare shi ba. Ƙa'idojin kora na 1975 ne, hanyar ɗaukaka ƙara kuma tana cikin dokar 1980. Shi sai ya nemi wata hanyar. Shugaban makaranta ɗaya, ma'aikatar ilimi ɗaya, amma kariyar ta bambanta. Shi ya sa tambayar farko da lauya zai yi ba "an take haƙƙi?" ba ce, sai "da wace doka wannan jami'i ya yi aiki, kuma wace majalisa ce ta yi ta?" Iyaye nawa ne za su iya amsa wannan?

Akwai abin yabo duk da haka. Wa'adin shigar da ƙara shekara ɗaya ne, amma ba a ƙidaya lokacin da yaro bai kai 18 ba. Kwamishinan yara na yankin ma zai iya shigar da ƙara da sunansa, ba sai an nemo yaron da zai tsaya a gaban alƙali ba.

Barista Hadiza:
Maganin ramin kuwa a bayyane yake, Dakta: a ɗauko tsofaffin dokokin a sake zartar da su a matsayin dokokin Edinbara. Sai dai dokar 1980 kaɗai tana da sassa sama da ɗari, kuma da zarar an buɗe ta kowace jam'iyya za ta kawo nata gyaran. Aikin shekaru ne.

Alhaji Usman:
Barista, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda cewa rabon iko ne ya cuci yaran ba. Masu rubuta ƙudurin an gargaɗe su tun kafin a kaɗa ƙuri'a, sakataren gwamnatin Birtaniya mai kula da Sikotland ya rubuta musu cewa waɗannan sassa za su jawo matsala, suka ci gaba. Bayan hukunci kuma sun ɗauki sama da shekara biyu kafin su dawo da gyara. Wannan jinkirin nasu ne.

Kuma ni ina ganin akwai hikima a riƙe dokar hana wariya a tsakiya. Jadawali na 5 ya bar wa Landan batun daidaiton dama. Shi ya sa dokar daidaito ta 2010 take aiki iri ɗaya a Ingila da Wels da Sikotland, da siffofi tara da aka hana nuna bambanci a kansu, ciki har da shekaru, naƙasa, jinsi, launin fata da asali, addini, aure, da juna biyu. Musulmar da aka hana aiki saboda hijabi a Gilasgo ta Sikotland, dokar da za ta kare ta ita ce za ta kare 'yar uwarta a Mancesta ta Ingila. Ku duba Ayiland ta Arewa, inda aka sakar wa yanki wannan iko. Dokar 2010 ba ta aiki a can. Suna tafiya da tarin tsofaffin dokoki, na jinsi daban tun 1976, na naƙasa daban tun 1995, na launin fata daban tun 1997. Har yanzu babu dokar da ta hana a nuna wa tsoho bambanci wajen sayar masa da kaya ko yi masa hidima, abin da sauran Birtaniya ta haramta tun 2012. Majalisar yankin da ke Belfas ta rufe daga Janairun 2017 zuwa Janairun 2020, ta sake rufewa daga 2022 zuwa Fabrairun 2024. Majalisar da ba ta zama, wa zai gyara doka a cikinta? Dokar haƙƙoƙi ta musamman da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta yi maganarta, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta yankin ta miƙa shawararta tun Disambar 2008, har yau ba a yi ta ba.

Injiniya Maryam:
Alhaji, ranka ya daɗe, ka kawo rabin labarin Ayiland ta Arewa. Ɗaya rabin shi ne can ne ake da tsarin yaƙi da wariya a wurin aiki da ya fi na ko'ina a Birtaniya haƙora, kuma an gina shi ne don ciwon yankin. Dokar 1976 ta hana nuna bambanci tsakanin Katolika da Furotesta wajen ɗaukar aiki, amma ba ta yi tasiri sosai ba domin sai mutum ya kawo ƙara, kuma ba wanda ke da alƙaluma. Dokar 1989, da ta 1998 da ta maye gurbinta, suka juya nauyin ya koma kan mai ɗaukar aiki. Ga yadda yake tafiya.

Duk kamfanin da ke da ma'aikata sama da 10 masu yin sama da awa 16 a mako dole ya yi rajista da hukumar daidaito. Kowane ma'aikaci da kowane mai neman aiki ana ba shi 'yar takarda daban da takardar neman aikin, ya nuna ko daga al'ummar Furotesta yake, ko ta Katolika, ko babu ɗaya. Ba tambayarsa ake ko yana zuwa coci ba, al'ummar da ya fito ake nufi. Takardar ba ta zuwa hannun masu tantancewa. Duk shekara kamfani zai aika wa hukuma jimillar, an rarraba ta bisa jinsi da rukunin aiki. Idan ma'aikatan sun haura 250, sai an haɗa da waɗanda aka yi wa ƙarin girma da waɗanda suka bar aiki. Duk shekara uku kuma kamfani zai zauna ya gwada adadinsa da na mutanen yankin da yake ɗiban ma'aikata, idan wani ɓangare ya yi ƙaranci ya sa wa kansa buri da wa'adi, ya sauya inda yake tallata gurabe. Ƙin aika rahoto laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma ana iya hana kamfani kwangilar gwamnati.

A rundunar 'yan sanda an ma wuce nan. Daga 2001 zuwa 2011 an riƙa ɗaukar rabi Katolika rabi waɗanda ba Katolika ba daga cikin waɗanda suka ci jarrabawa, adadin Katolika ya tashi daga kusan kashi 8 cikin ɗari zuwa kusan 30. Dokar da aka rubuta don dukan ƙasa ba za ta zo da wannan ba, domin a Landan ba wannan ne ciwon ba.

Alhaji Usman:
Na karɓi wannan, Injiniya. Sai dai ki lura, dokokin 1976 da 1989 an yi su ne lokacin da Landan ke mulkin yankin kai tsaye, ba majalisar Belfas ta yi su ba. Dokar da aka ɗinka daidai jikin yanki daban, dokar da 'yan siyasar yanki suka iya haɗuwa suka yi daban.

Malam Sani:
Wannan gyara na Alhaji daidai ne. Amma akwai wani abu da ke ƙarfafa ɓangaren masu goyon bayan yanki. Game da yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam, majalisar yanki ta fi ta tsakiya ɗaurewa. Idan dokar Landan ta saɓa mata, iyakar abin da alƙali zai yi shi ne ya bayyana saɓanin, dokar kuma ta ci gaba da aiki har majalisa ta ga damar gyarawa. Idan dokar Edinbara ce, sashe na 29 na dokar 1998 ya ce ba doka ba ce sam, sashe na 57 kuma ya ce minista ba shi da ikon yin abin da ya saɓa. Shari'ar Cadder ta Oktoban 2010 misali ce: a da 'yan sandan Sikotland na iya tsare mutum awa shida suna yi masa tambayoyi ba lauya, Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa, washegari majalisar Edinbara ta zartar da dokar gaggawa. A 2016 ma kotun ta tsayar da shirin naɗa wa kowane yaro jami'i mai sa ido, saboda yadda za a riƙa musayar bayanan iyali.

Dakta Rabi:
Ina so mu sauko kan abin da Sikotland ta yi da ɗan hurumin da aka bar mata a fannin daidaito. Ba za ta iya sauya ma'anar wariya ba, amma za ta iya ɗora wa hukumominta aiki. Ƙa'idojin 2012 sun ce kowace hukuma ta fitar da rahoto duk shekara biyu, ta sa wa kanta manufofin daidaito duk shekara huɗu, ta auna tasirin kowace sabuwar manufa a kan rukunonin da dokar 2010 ta kare kafin ta fara aiki da ita, ta buga tazarar albashi tsakanin maza da mata. A 2016 aka sauko da ma'aunin buga tazarar daga ma'aikata 150 zuwa 20, alhali a Ingila 250 ne. A Afrilun 2018 kuma ta fara aiki da sashe na 1 na dokar 2010, wanda ke tilasta wa hukuma duba halin talaka yayin yanke manyan shawarwari. Wels ta bi sahu a 2021.

Abin da ke lalacewa shi ne awon tasirin. Sau da yawa an riga an yanke shawarar rufe ɗakin karatu ko rage motar ɗalibai, sannan a ba wani jami'i fom ya cike, ya rubuta "babu illa" a duk layukan tara. Kotuna sun sha faɗa cewa dole a yi awon kafin shawara, da zuciya buɗe, amma sai wani ya iya kuɗin kai ƙara cikin wata uku.

Ƙaramar hukumar Gilasgo ce babban darasi. A 2006 ta kawo sabon tsarin albashi da aka ce don gyara bambanci aka yi shi. Sai ya zama mata masu kula da tsofaffi a gida, da masu shara, da masu dafa abincin makaranta suna karɓar ƙasa da maza masu kwashe shara da masu haƙa kabari, wasu da tazarar har fam 3 a awa, domin an tsara alawus ta yadda ya fi faɗawa kan aikin maza. Shari'a ta ɗauki sama da shekara goma. A 2017 babbar kotun Sikotland ta ba matan gaskiya, a Oktoban 2018 kimanin ma'aikata 8,000 suka yi yajin aikin kwana biyu, a 2019 aka daidaita kan sama da fam miliyan 500. Don ta biya, sai da hukumar ta sayar wa wani kamfaninta da manyan gine-ginen birnin, har da gidan tarihi da filayen wasanni, ta koma tana haya a cikinsu. Wasu matan sun rasu kafin kuɗin ya fito. Rahotanni ba su ƙwato musu komai ba, dokar daidaiton albashi da ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi ne suka ƙwato.

Barista Hadiza:
Ƙari a kan haka, mai koke a Sikotland hukuma biyu ke gabansa. Hukumar daidaito ta Birtaniya, wadda ta fara aiki a 2007, ita ke kula da wariya, amma ba ta shiga batun haƙƙin ɗan Adam da ke hurumin yanki sai da izinin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Sikotland. Ita kuma hukumar Sikotland, wadda ta fara a 2008, dokar da ta kafa ta ta hana ta taimaka wa mutum ɗaya a shari'arsa. Babban ƙudurin da aka yi alkawari, wanda zai shigo da haƙƙin abinci da muhalli da lafiya, an nemi ra'ayin jama'a a kansa a 2023, a Satumbar 2024 gwamnati ta ɗage shi, kuma hukuncin 2021 na cikin dalilan da ta bayar.

Malam Kabiru:
Jama'a, duk wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai namu ya juya. Najeriya ma a 1991 ta shiga yarjejeniyar yara. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar, idan kuma batun ba ya cikin jerin ikon tarayya zalla, sai rinjayen majalisun jihohi sun amince. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ba ta bi wannan hanya ba, shi ya sa a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, kowace jiha sai ta yi tata. Kano sai a 2023 ta samu dokar kare yara. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ma a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye. Kuma abu na 61 a jerin ikon tarayya ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga hannun Abuja, don haka batun shekarun aure a majalisar jiha ake yanke shi, da malamai da sarakuna a zaune. A Sikotland yanki ne ke son yin gaba tsakiya ta riƙe shi, a nan tsakiya ce ta yi doka ba ta da hannun da zai kai ta jiha.

Injiniya Maryam:
Malam Kabiru, ni abin da ya fi damuna shi ne takardar shaidar asali. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista ɗan asalin kowace jiha, sashe na 14 ya kawo rabon muƙamai bisa yanki, kuma babu inda aka shimfiɗa wa ƙaramar hukuma ƙa'idar wanda za ta ba takardar. Sai ka ga wanda aka haifa a Jos ko Sabon Garin Kano ko Shagamu, ubansa ma can aka haife shi, yana biyan haraji a can, amma kuɗin makarantar jiha ya ninka masa, aikin gwamnatin jiha ya fi ƙarfinsa. Hukumar raba daidai ta tarayya tana ƙirga ma'aikatan tarayya jiha jiha, amma wa ke ƙirga yadda jiha ke ɗaukar mazaunanta? Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika. Ba tare da fom irin na Belfas da rahoton shekara da hukunci ba, ba ma'aikatar da za a iya kamawa da laifin rashin cika kashi biyar ɗin.

Malam Kabiru:
Haka ne, kuma jiha na da ikon yin wannan ba tare da jiran Abuja ba, tunda ma'aikatanta nata ne. Ga masu aiki da ƙungiyoyi, idan aka ce jiharku ta amince da dokar yara, ga abin da za ku bincika. Ku nemi kwafin da aka buga a gazet, ba wanda majalisa ta zartar ba, don wani lokaci akwai bambanci, wani lokacin ma ba a buga ba. Ku duba yadda ta fassara "yaro", ko da shekara 18 ko da wani ma'auni. Ku tambayi ofishin babban jojin jiha ko an kafa kotun iyali a matakin majistare da babbar kotu, an kuma naɗa mata masu taimaka wa alƙali. Ku buɗe kasafin ma'aikatar mata ku ga ko kwamitin aiwatarwa na da layinsa, da nawa aka saki a zahiri. Idan kuma haƙƙin na cikin babi na huɗu na tsarin mulki, ba sai kun jira dokar jiha ba: sashe na 46 ya buɗe ƙofar babbar kotu, ƙa'idojin kotu na 2009 kan irin wannan ƙara kuma sun cire wa'adin shigar da ita, sun ba ƙungiya damar tsayawa a madadin wanda aka zalunta.

Barista Hadiza:
Malam Kabiru, a ƙara da dokar 1983 ta yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Kotun Ƙoli a shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000 ta tabbatar cewa doka ce a Najeriya, kuma sashe na 2 na yarjejeniyar ya hana bambanci har da "wani matsayi", abin da sashe na 42 bai ambata ba. Mai naƙasa da jiharsa ba ta yi doka ba, lauyansa ya haɗa wannan da sashe na 34 kan mutuncin ɗan Adam a takardar ƙara.